Tambaya da Amsa: Faifan Jarirai na Shirin Friends

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya aiko mini da wani tsohon faifan DVD na shirin barkwancin nan mai suna Friends, an rubuta "The One with All the Babies" a jikin kwalinsa. Ina so in sani, shin wannan shi ne shirin gaba ɗayansa ko wani yanki ne daga ciki? Tunda batun jarirai ne, ya dace in zauna da yarana mu kalla tare? Sannan na saka shi a na'urarmu ta gida ya ƙi buɗewa. Allah ya ƙara basira. Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, amin, na gode. Abin da ke hannunki ɗan yanki ne kawai da aka tsinto daga wani shiri mai dogon zango wanda tashar talabijin ta NBC ta Amurka ta nuna daga 22 ga Satumba 1994 zuwa 6 ga Mayu 2004, tsawon zango 10 da kashi 236. David Crane da Marta Kauffman ne suka ƙirƙiro shi, kuma labarinsa na abokai ne shida, maza uku (Ross, Chandler da Joey) mata uku (Rachel, Monica da Phoebe), da ke zaune a unguwar Manhattan ta birnin New York, ko da yake a ɗakin ɗaukar shirye-shirye na kamfanin Warner Bros. da ke Burbank a jihar California aka riƙa ɗaukarsa a gaban 'yan kallo. Bayan kamfanin ya gama fitar da zangunan duka a faifai tsakanin 2002 da 2005, sai a 2006 ya koma yana tsintar kashi-kashi masu jigo ɗaya yana haɗa su wuri guda, aka yi na bukukuwan aure, aka yi na zagayowar ranar haihuwa, aka kuma yi wannan na ciki da haihuwa da reno. Dabara ce ta kasuwa, wato a sake sayar da abin da aka riga aka sayar, a farashi mai sauƙi, ga wanda ba zai iya sayen zango goma ba ko mai neman abin da zai ba wani kyauta.

Manyan labaran haihuwa a cikin shirin guda huɗu ne, kuma jerin sunayen da ke bayan kwalin zai nuna miki waɗanda aka zaɓo. Na farko shi ne haihuwar Ben, ɗan Ross da tsohuwar matarsa Carol, a ƙarshen zango na ɗaya a 1995, inda ƙofa ta kulle Ross a ɗakin ajiye kayan shara na asibiti matar tana tsakiyar naƙuda, har daga bisani aka samo sunan yaron daga jikin rigar wani ma'aikacin shara. Na biyu shi ne na Phoebe, wadda ta ɗauki ciki a madadin ƙanenta Frank da matarsa Alice ta hanyar dashen ƙwai, ta haifa musu 'yan uku a kashi na 100 a watan Oktoba na 1998. Na uku shi ne haihuwar Emma, 'yar Ross da Rachel, wadda da ita aka rufe zango na takwas a watan Mayu na 2002. Na ƙarshe ya zo ne a kashin da aka rufe shirin baki ɗaya, wanda sama da mutum miliyan 52 suka kalla a Amurka, lokacin da Monica da Chandler suka karɓi riƙon jariran wata yarinya mai suna Erica, suna tsammanin ɗa guda sai ga tagwaye.

A ganina, Hajiya, irin wannan faifai an yi shi ne domin wanda ya riga ya san shirin yake son tuna baya. Wanda zai fara daga nan zai yi dariya, amma rabin abin zai wuce shi, domin tsakanin wata haihuwa da wata akwai shekaru biyu zuwa huɗu na labari da aka tsallake. Ga misali guda da zai bayyana abin da nake nufi. Da Rachel ta haihu ta rasa sunan da za ta sa wa jaririyar, sai Monica ta ba ta sunan Emma, alhali suna ne da ta daɗe tana ajiye wa 'yarta ta cikinta idan Allah ya ba ta. Wanda ya bi shirin daga farko ya san cewa a cikin su shidan babu mai ɗokin haihuwa kamar Monica, kuma a zango na gaba ne likita zai shaida mata da mijinta cewa da wuya su haihu. Mai wannan sanin zai ji nauyin kyautar har cikin ransa, shi kuwa wanda faifan kaɗai ya gani zai ɗauka ƙawa ce ta taimaki ƙawarta da suna, shi ke nan. Haka abin yake a wurin Phoebe lokacin da take rungume da 'yan ukun tana yi musu bankwana, bayan ta yi fatan a bar mata ɗaya bai yiwu ba. Ni a wurina wannan yana cikin mafi kyawun abin da aka yi a shirin, amma sai wanda ya san cewa ta tashi ba uwa ba uba a kusa da ita zai gane dalilin hawayen nata.

Batun kallo da yara kuwa, shawarata ita ce a'a. Kada kalmar jarirai a jikin kwali ta ruɗe ki, domin shiri ne na manya da aka rubuta bisa rayuwar samari da 'yan matan New York, cike da zancen soyayya da kwanciya da barkwancin da ba za ki so ɗanki ya nemi ki fassara masa ba. Babu ɗaya daga cikin haihuwa huɗun nan da ta zo ta hanyar da muka saba. Carol ta rabu da Ross ne ta koma zama da wata mace, Emma kuma an haife ta iyayenta ba sa tare a matsayin miji da mata, sannan riƙon da Monica da Chandler suka yi irin na dokar Amurka ne, wanda yake mayar da yaro ɗan mai riƙonsa a suna da gado, saɓanin riƙon da muka sani a ƙasar Hausa inda yaro ke girma a hannun gwaggo ko kawu yana amsa sunan mahaifinsa. Ki fara kallo ke kaɗai, sannan ki yanke hukunci da kanki.

Ƙin buɗewar faifan kuma mai yiwuwa ba lalacewa ba ce. Masu yin DVD sun raba duniya shiyya-shiyya, Amurka da Kanada suna shiyya ta 1, Najeriya da Nijar da mafi yawan ƙasashen Afirka suna ta 5, kuma na'urar da aka kulle wa shiyya guda ba ta karɓar faifan wata. Ki duba bayan kwalin, za ki ga ƙaramin hoton duniya da lamba a cikinsa. Wasu na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu ba su da wannan kulli, saboda haka ki gwada ta maƙwabta, ko ki saka shi a kwamfuta mai wurin faifai ki buɗe da manhajar VLC, wadda sau da yawa takan karanta shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Muna gardama da abokaina a kan shirin Friends: shin matan da aka nuna da ciki da gaske suna da juna biyu a lokacin, kuma jariran da ake nunawa sababbin haihuwa ne? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Amsar ta bambanta daga wata zuwa wata. Lisa Kudrow, wadda ta fito a Phoebe, tana da ciki da gaske a zango na huɗu, kuma saboda ita ne marubutan suka ƙirƙiro labarin 'yan ukun, domin ba su so su ɓoye cikin ba, ba su kuma so Phoebe ta zama uwa mai reno a sauran labarin. Ta haifi ɗanta namiji guda a watan Mayu na 1998, wato kafin a ɗauki kashin naƙudar, don haka cikin da aka gani a asibiti na roba ne. A wannan shekarar ce ta sami lambar yabo ta Emmy, wadda ake bayarwa kan shirye-shiryen talabijin a Amurka. Jennifer Aniston, wadda ta fito a Rachel, ba ta da ciki a zango na takwas, kayan shiri ne aka ɗaura mata, amma wasan da ta yi a zangon ya sa ta lashe Emmy a 2002, shirin kansa ma ya lashe ta gwarzon shirin barkwanci a shekarar. Abin mamakin yana wurin Courteney Cox, mai fitowa a Monica, wadda take ɗauke da ciki na gaske a ƙarshen zango na goma alhali an riga an rubuta cewa Monica ba ta haihuwa, dole aka riƙa ɓoye shi da manyan riguna da yadda ake saita kyamara. Ta haifi 'yarta a watan Yuni na 2004, wata guda bayan rufe shirin.

Jariran kuwa na gaske ne, sai dai dokar jihar California ba ta yarda a ɗauki jaririn da bai kai kwana 15 ba, kuma wanda bai cika wata shida ba ba ya wuce awa biyu a wurin ɗaukar shiri, minti 20 kacal daga ciki ne na aiki a gaban kyamara, tare da ma'aikaciyar jinya a kusa. Wannan ne ya sa ake neman tagwaye masu kama ɗaya su fito a matsayin yaro guda, idan ɗaya ya gaji ko ya fara kuka a sauya shi da ɗan'uwansa. Emma da aka gani a zangunan ƙarshe tagwaye ne mata, Cali da Noelle Sheldon, shi kuma Ben da ya girma Cole Sprouse ne ya fito a matsayinsa, wanda shi ma ɗan tagwaye ne, sai dai a wannan shirin shi kaɗai ya yi wasan ba tare da ɗan'uwansa Dylan ba.