Ƙurajen fata a jikin kare: wane magani zan ba shi?

Malam, ka ce karenka na gadi ya fito da ƙuraje masu mugunya a fatar ciki da cinyoyi, gashi na zubewa, kana tambaya ko ka sayo masa kafson amoksisilin a kemis. Don Allah kada ka yi. Ƙwayar cutar da ke yawan kawo wannan, Staphylococcus, sau da yawa amoksisilin shi kaɗai ba ya kashe ta.

Kai shi wurin likitan dabbobi a auna nauyinsa. Abin da aka saba bayarwa shi ne sefaleksin, miligiram 22 zuwa 30 ga kowane kilo, safe da yamma, ko amoksisilin mai haɗe da kilabulanet. Ka tura ƙwayar cikin ɗan gutsuren nama, zai haɗiye. Inda mutane ke kuskure shi ne da ɓawon ya bushe sai su daina, kuma ƙurajen su dawo da ƙarfinsu. Ana kai mako uku ana ba shi.

Ka riƙa yi masa wanka da sabulun kilorheksidin mai kashe ƙwayoyin cuta, kumfar ta yi minti 10 kafin ka ɗauraye. Duba kunnuwansa da tsakanin yatsu, kaska da ƙuma su ke sa shi susa har fatar ta fashe.