Tambaya da Amsa: Ganin Fitowar Rana a Hamadar Namib

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana za mu je Namibiya a watan Yuli. Burinmu mu ga fitowar rana a kan tuddan yashin Sossusvlei, mu kuma ɗan taka da ƙafa. Yaushe ya kamata mu kama hanya, kuma wane tudu za mu hau? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki fara da tunanin inda za ku kwana, don a nan gizo ke saƙar. Gandun Namib-Naukluft, wanda Sossusvlei ke cikinsa, yana da ƙofa biyu a wani ɗan ƙauye mai suna Sesriem. Ta waje sai rana ta fito ake buɗe ta. Ta ciki kuwa ana buɗe ta kamar awa ɗaya kafin nan, amma wanda ya kwana a cikin gandun ne kaɗai ke cin moriyarta. Zuwana na farko a waje na kwana, ina cikin layin motoci rana ta ɓullo, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Ku kama masauki a ciki tun yanzu, wuraren ba su da yawa.

Da an buɗe, ku nufi tudun da ake kira Dune 45, sunan da ya samu saboda nisansa kilomita 45 ne daga Sesriem. Ku bi ta doronsa, ki riƙa sa ƙafarki a sawun na gabanki, don yashin da aka taka ya fi riƙe mutum. Za ki yi haki. Ki tsaya ki huta, ba tsere ake ba. Idan rana ta leƙo, gefe ɗaya na tudun zai yi ja wur kamar garwashi, ɗayan yana nan baƙi ƙirin, doron ya raba su kamar an ja layi da wuƙa. Jan nan tsatsar ƙarfe ce da ke jikin ƙwayar yashin. Kafin hantsi duk wannan launi ya dusashe.

Daga nan ku wuce Deadvlei, wani ƙafaffen tafki kusa da Sossusvlei. Kilomita 5 na ƙarshe yashi ne mai zurfi, ƙaramar mota ba ta iya shi, sai ku hau motocin da ke jigilar baƙi. Bayan tafiyar kusan kilomita ɗaya a ƙafa za ki ga farin fili na busasshen yumɓu, da itatuwa dangin bagaruwa da suka mutu sama da shekara 600, rana ta ƙone su, rashin laima ya hana su ruɓewa. Don Allah kada ku taɓa su. Babban tudun da ke gefensa, Big Daddy, ya kai kimanin mita 325. Ni ba zan so ku haɗa shi da Dune 45 a rana ɗaya ba.

Yuli lokacin hunturu ne a can, sanyin asuba yana ratsa ƙashi, don haka ku tafi da rigar sanyi. Ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zato, ku sa takalmi rufaffe, domin da rana ta ɗaga yashin yana ƙona tafin ƙafa.