Amsoshin Wasiƙunku: Mai Gida a Lokacin Matsi

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, wasiƙun da ke zuwa mini suka canza kama. A da ana tambayata wane fenti ne ba ya koɗewa, wane tayil ne ya fi kyau a falo. Yanzu tambayar ita ce yaya za a riƙe gidan kada ya kuɓuce. Litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta taɓa haura 1,000, dala ta tsallake naira 1,500, hauhawar farashi kuma ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Hatsi ya ɗan sauko daga baya, amma kayan gini ba su dawo inda suke ba. Ga abin da na tsamo daga wasiƙun wannan karon.

*Malam, ina da gidan haya ɗaya a Gusau, naira dubu 400 a shekara. Dillali ya ce in mayar da shi dubu 600, wanda ba zai iya ba ya tashi. Ɗan hayan bai taɓa yi mini wasa da kuɗi ba.*

Alhaji, dillali la'adarsa yake hange, kuma ba ya samun ta sai an canza ɗan haya. Ɗauki alƙalami. Dubu 600 a shekara dubu 50 ke nan a wata. In gidan ya yi wata huɗu ba kowa, ƙarin da ka yi gaba ɗaya ya tafi, ban da fenti da gyaran famfo da za ka yi kafin sabo ya shigo, wanda ba ka san halinsa ba. Ka yi ƙari, don kai ma kasuwa kake zuwa, amma daidai gwargwado. Ka kira mutumin ku zauna watanni kafin kuɗinsa ya ƙare, ku rubuta abin da kuka yi a takarda da shaidu.

*Wani abokina ya nuna mini wata manhaja da ke ninka kuɗi cikin kwana 30. Ya cire riba sau biyu a gabana. Ina so in sayar da gidana in zuba, bayan wata uku in sayi wanda ya fi shi.*

Ban san sau nawa za a faɗi maganar nan ba. MMM, wata harkar ninka kuɗi, ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016. CBEX, mai irin wannan alkawarin na ninkawa cikin kwana 30, ta ruguje a Afrilun 2025, hukumar SEC mai sa ido a kan harkar zuba jari kuma ta fito ta ce ba ta da rajista da ita. Ribar da abokinka ya cire kuɗin wanda ya shigo bayansa ne, wadda zai cire gobe kuma kuɗin gidanka ne. Wace sana'a ce a duniya ke ninka jari duk wata, masu ita kuma suna bin mutane a waya suna roƙon su shigo? Kada ka sayar. Kuma matarka da 'ya'yanka suna da haƙƙin su ji wannan shawarar tun kafin dillali ya ji ta.

*Malam, maigidana ya rasu bara, ya bar ni da yara biyar da gidan da muke ciki. Rufin ɗaki biyu yana yoyo. Ƙaninsa ya ce in ba shi takardun gida ya kai jingina a karɓo bashi, a gyara rufin, sauran ya juya mana a kasuwa. Ba na barci saboda tunani. Ina tsoron in ƙi a ce na raina dangin miji.*

Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Tsoron da kike ji ba rashin kunya ba ne, hankali ne.

Abu na farko, gidan nan ba naki ba ne ke kaɗai da za ki bayar, ba kuma na ƙanin mijinki ba ne da zai karɓa. Rabonki a gado tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya, mafi yawan sauran kuma dukiyar marayu ce. Wannan ita ce amsar da za ki ba shi, ba tare da faɗa ba: "Kayan marayu ne, ba ni da ikon taɓawa." Babu mai hankalin da zai kira wannan raini. In ba a raba gado ba tukuna, ki nemi babban da kowa ke jin nauyinsa a dangi, ko limamin unguwa, a je kotu a fitar da rabon kowa a rubuce. Takardun kuwa, ki yi hotonsu, ki adana na ainihi a inda ke kaɗai kika sani.

Ba na cewa ƙanin mijinki mugu ne, wataƙila taimako yake nufi. Amma kasuwa ba ta san niyya ba. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, abin da bankuna ke ɗora wa mai karɓar bashi kuma ya fi haka, ga maganar riba a addini. In kasuwar ta karye, shi asarar jari ya yi, ke da yara kuwa kun rasa wurin kwana.

Yoyon rufi bai kai a jingina gida ba. Ki sa kafinta mai amana ya hau ya duba tun kafin damina. Sau da yawa 'yan ƙusoshi ne suka saki, ko falle biyu uku na kwano suka ci tsatsa, ba rufin gaba ɗaya ba. In akwai ɗakin da ke kallon titi, a fasa masa ƙofa ya zama shago, ko a ba da ɗakin zaure haya, kuɗin shekarar farko ya yi gyaran. Ki sake rubuto mini in ji yadda aka ƙare.

*Gidana a Kano ya haura shekara 20, soket biyu sun ƙone. Mai wayarin ya kawo mini lissafi biyu: ɗaya da waya mai kyau, ɗaya da wata da ya ce "ita ma tana yi", kusan rabin kuɗi. Ina kuma son in haɗa ɗan sola. Da halin da ake ciki, ba sai in ɗauki mai sauƙin ba?*

A nan zan daɗe, ku yi mini haƙuri, domin babu abin da ke ci mini rai kamar wannan kalmar ta "ita ma tana yi". Da ita aka ƙone gidaje.

Ɗan'uwa, ka san me ya sa take rabin kuɗi? Waya ta gaskiya jan ƙarfe ce zalla. Mai arahar, sau da yawa alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, ido ya ga ja ya yarda. Alminiyam kuwa ƙarfin ɗaukar wutarsa kusan kashi 60 cikin ɗari ne na jan ƙarfe. Ka ɗora mata hita ko dutsen guga, sai ta ɗauki zafi. Ga shi ba ta jure lanƙwasa, a bakin soket take saki, daga nan sai tartsatsi. Wata kuma jan ƙarfen ce, amma an rubuta kaurinta 2.5 ne a jikin roba alhali abin da ke ciki bai kai ba, an cike da kaurin roba. Wata an ce ƙundun mita 100 ne, in ka warware sai ka ga ya gaza. Ashe arahar ma ƙarya ce.

Kuma ina wayar nan take kwance? Cikin bango da saman silin, tare da busasshen katako, inda ba ka gani. Wuta ta dawo da ƙarfi ƙarfe biyun dare a cikin hunturu, kowa ya rufe ƙofa da taga, tagogin kuma duk an yi musu ƙarfen tsaro. Na taɓa tsayawa a tsakar gidan wani maƙwabcinmu da safe bayan irin wannan. Allah Ya tsare rayuka, amma ɗaki uku sun zama toka, har da takardun makarantar yara. Shekara biyu kacal da yin wayarin. Abin da ya rage a kan waya bai kai kuɗin gado ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙone ba. Mu kuma mafi yawanmu ba mu da inshorar gida, in ta faru sai dai jaje da taimakon 'yan'uwa, su ma ga halin da suke ciki.

Abin da ke ba ni takaici shi ne inda muke yin rowa. Mutum zai zuba kuɗi a silin na zamani, da tayil mai sheƙi, da get ɗin da za a gani daga bakin titi. Amma waya da rodi da bututun ruwa, abubuwan da ke riƙe da gidan, su yake cewa a samo masa na sauƙi, saboda baƙo ba ya ganinsu. Ko a lokacin yalwa wannan kuskure ne, balle yanzu da in abu ya lalace ba ka da kuɗin saye karo na biyu. Araha ba ta ado, kuma talaka ya fi kowa buƙatar kaya mai aminci, domin shi ne ba shi da halin maimaitawa.

Ga yadda za ka yi. Kada ka ba mai wayarin kuɗin kaya, ka biya shi ladan aikinsa kawai, ku tafi kasuwa tare, ko Sabon Gari ne ko inda ka saba. Ka nemi dilan da kamfanin wayar ya amince da shi, ka karɓi rasit mai sunan shago. Tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, a jikin waya yana da kyau ka duba, amma masu jabu har tambari suna bugawa, don haka kada ka tsaya a nan. A feɗe bakin wayar a gabanka, ka kankare silin wayar da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, ajiye ta. Ka kara mata wutar ashana, ta alminiyam nan da nan take laushi ta lanƙwashe, jan ƙarfe kuwa yana tsayawa. Ka ɗaga ƙundu biyu ka gwada, ta gaskiya ta fi nauyi sosai. Kaurin wayar fitilu 1.5, ta soket 2.5, ta layin esi da hita 4, kada a rage maka. Birekan da ke yanke wuta ma akwai na jabu, wanda ba ya faɗuwa sai bayan waya ta narke.

In kuɗin bai isa a yi gidan duka ba, a yi shi kashi-kashi: kicin da layin soket bana, sauran baɗi. Layin da ya ƙone a cire shi daga wuta gaba ɗaya kafin nan.

Sola kuwa, can jabun ya fi yawa. Ana wanke tsohon batir a sa masa sabuwar takarda, ana liƙa wa farantin sola lambar da ta fi ƙarfinsa. Babban batir mai ruwa mai ƙarfin 220Ah nauyinsa ya kai wajen kilo 60, in ka ga yaro ya ɗauke shi da hannu ɗaya ka san akwai magana. Ka nemi garanti a rubuce, kuma irin wannan batirin ba a zuƙe shi fiye da rabi in ana so ya daɗe. Shawarata, fara da ƙarami mai ɗaukar fitilu da fanka da cajin waya. Amma waya tukuna, sola daga baya.

*Na kai ginina linta kuɗi suka yanke. In riƙa tara siminti kaɗan-kaɗan kafin ya ƙara tashi?*

A'a. Na san abin da ke ba ka tsoro, kowa ya ga yadda buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Amma siminti ba ya ajiyuwa, bayan kamar wata uku ƙarfinsa yana raguwa, in danshi ya same shi kuma dutse ka tara. Tara abin da ba ya lalacewa, kwano da katako a wuri busasshe, ko ka mayar da simintin bulo nan take, ka shayar da shi ruwa yadda ya kamata. Kuma maimakon ka ja gidan duka lokaci ɗaya, rufe ɗaki biyu da banɗaki ka tare. Kuɗin hayar da kake biya yanzu shi zai ƙarasa sauran.

*An mayar da layinmu Band A, kuɗin wuta ya fi ƙarfina. Wani yaro ya ce zai yi mini dabara a bayan mita.*

Kore shi. Satar wuta ce, akwai tara mai nauyi in an kama ka, kuma irin wannan haɗin na ɓoye yana cikin abin da ke tayar da gobara. Na san da zafi, a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin Band A, wato rukunin da ya fi samun awannin wuta, daga naira 60 da ɗoriya zuwa 225 a kan kowane yunit, kafin a ɗan rage. Amma sharaɗin shi ne a ba ku wuta aƙalla awa 20 a rana. Ku riƙa rubuta awannin da kuke samu, kai da maƙwabta, in ba ta cika ba ku kai ƙara a rubuce ofishin kamfanin, in ba su saurare ku ba ku wuce hukumar da ke sa ido a kan harkar wuta. A cikin gida kuma, fitila da caji ba su ne ke cinye katinka ba, duk abin da ke yin zafi ne: hitar ruwa, risho na wuta, dutsen guga, sai esi da tsohuwar firiza mai sakakkiyar roba a ƙofa. A haɗa guga rana ɗaya a mako, ruwan wanka kuma a dafa shi a gas ko gawayi. Ka rubuta lambar da ke kan mita yau, ka sake dubawa bayan kwana bakwai, sannan ka aiko mini da bambancin.