Amsa kan tazarar bugun zuciya, tattara hankali da ciwon baya

Assalamu alaikum. Malama, kin tambaya ko lambar da agogon hannunki yake nunawa ta bambancin tazarar bugun zuciya tana da alaƙa da tattara hankali a kan numfashi, kuma ko hakan zai sassauta miki ciwon baya. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma shekara huɗu ke nan ina fama da ciwon ƙugu da na samu wajen ɗaga dilar atamfa, don haka abin da na karanta kuma na jarraba a jikina zan faɗa miki.

Zuciya mai lafiya ba ta bugawa daidai wa daida kamar agogon bango. Idan mutum ya shaƙi iska takan ɗan ƙara sauri, idan ya fitar takan lafa, kuma mai wannan aiki wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da huhu da ciki, tana yi wa zuciya aikin birki. Idan jiki yana cikin natsuwa bambancin yakan ƙaru, amma ciwo mai daɗewa da damuwa da rashin barci sukan rage shi, haka ma yawan shekaru. Saboda haka kada ki gwada lambarki da ta ƙanwarki, ki gwada ta da taki ta makon jiya.

A shekarar 1979 ne wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da tsarin tattara hankali na mako takwas a Amurka, musamman ga masu ciwon da ya ƙi jin magani. A 2011 kuma wani mai bincike, Fadel Zeidan, da abokan aikinsa a Jami'ar Wake Forest ta Amurka suka horar da mutum 15 a kan tattara hankali na kwana huɗu, minti 20 kullum, sannan suka ɗora musu zafi mai digiri 49 a ƙafa. Ƙarfin zafin ya ragu da kashi 40 cikin ɗari, amma takurar da yake jawowa ta ragu da kashi 57. Mutum 15 ba su da yawa, kuma masu lafiya ne, sai dai wannan rata da ke tsakanin ƙarfin ciwo da takurarsa ita ce ainihin abin da na gani a kaina.

Bayan sallar asuba nakan zauna minti 15, in shaƙi iska daƙiƙa biyar in fitar daƙiƙa biyar, wato numfashi shida a minti guda, wanda an san yana ɗaga wannan bambanci. Da farko idona yana kan agogo, lambar tana hawa amma ƙugun yana nan yadda yake, har na kusa fid da rai. Sai da na daina leƙen agogon, na koyi lura da ciwon ba tare da na ɗaure jiki ina kokawa da shi ba, sannan na ga canji. Ciwon bai tafi ba, amma ya daina hana ni barci, kuma na daina yi wa yaran shago tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ga mai tsoron cewa wannan wani addini ne, asalin tsarin yana da nasaba da mabiya Buddha, amma abin da nake yi lura da numfashi ne kawai, babu wani karatu ko bauta a ciki.

Ban bar zuwa gashin ƙashi ba, ke ma kada ki bari. Idan kuma ƙafarki ta fara sagewa, ko riƙe fitsari ya gagare ki, ko kina jin zuciyarki tana tsallake bugu, to ki ga likita a ranar, domin bugun da ya rikice ma yakan sa agogo ya nuna lamba mai yawa.