Wai ba rana ba ce kawai ta ƙara zafi?

Ɗan'uwa, ka ce ai yanayi dama can yana canzawa, ƙila rana ce ta ƙara wuta, ba laifin mutane ba ne. To gaskiya ne an yi zamanin ƙanƙara ya wuce, amma wancan dubban shekaru ya ɗauka, wannan ɗumamar duniya ta yanzu kuwa cikin shekara 150 muka ga abin.

Maganar rana kuma ba ta da tushe. Tun 1978 tauraron ɗan'adam ke auna haskenta, bai ƙaru ba, amma zafin duniya sai hawa yake. Abin da ya fi gamsar da ni ma shi ne, da rana ce da har can saman sararin samaniya zai yi zafi, sai ga shi saman yana ƙara sanyi, ƙasa inda muke na ɗumama, kamar mutum ya lulluɓa da bargo, zafin jikinsa ne ya kasa fita. Bargon nan shi ne iskar kabon da kwal da fetur da gas ke fitarwa in an ƙona su. Kafin zamanin masana'antu yawan iskar kabon kusan kashi 280 ne a cikin kashi miliyan na iskar duniya, yanzu ya haura 420.

Kuma don Allah kar a kawo zancen sanyin sati ɗaya, ba da shi ake awo ba.