Tambaya da Amsa: Daga ina ƙarfe zalla ke samun tauri?

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ɗalibin injiniya ne, an ce mana a ƙarfe zalla wanda ba shi da gauraye iyakokin ƙwayoyinsa, wato ƙananan gutsattsarin da suka haɗu suka yi shi, su ne kan gaba wajen ba shi ƙarfi, to sauran hanyoyin fa ina suka shige? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Yawwa ƙanena, tambayarka ta yi min daɗi. Ka ga dai ƙarfe ba ya lanƙwasa sai layukan atam sun zame kan juna, kuma ba gaba ɗaya suke zamewa ba, wata 'yar gociya ce a cikin layin take tafiya kaɗan kaɗan, duk abin da ya tare mata hanya shi ke ƙara tauri. To a ƙarfe mai gauraye akwai baƙin atam da ƙananan tsakuwoyi da suke tare ta, shi kuwa zalla kamar jan ƙarfen wayar lantarki kusan ba shi da ko ɗaya, hanya biyu sun fita kenan tun kafin a fara.

Saura dukan ƙarfen da guduma da kuma iyakokin ƙwayoyi. Duka na taurara shi sosai, har yakan fi iyakokin tasiri, amma da maƙeri ya mai da shi wuta ya yi ja sai taurin ya tafi, iyakoki ne kaɗai ke saura.

Ɗauki ƙwayoyin kamar gonaki maƙwabta, kowacce kunyoyinta sun kalli wani ɓangare daban, ruwan da ya biyo kwari in ya zo iyaka dole ya tsaya. Haka gociyar nan ke taruwa a bakin iyaka sai an ƙara ƙarfi kafin ta tada wata a ƙwayar gaba. E.O. Hall a 1951 da N.J. Petch a 1953, dukkansu a Ingila, su suka fitar da lissafin, in ƙwaya ta koma kashi 1 cikin 4 na faɗinta gudummawar iyakokin za ta ninka 2. Abin da ya fi burge ni shi ne yawanci ƙarfen ba ya zama mai saurin karyewa saboda haka.

Amma kar ka rubuta a jarabawa wai kullum haka ne, in ƙwayar ta ƙanƙance ta kai wajen nanomita 10 zuwa 20 (nanomita kashi 1 ne cikin biliyan na mita) iyakokin kansu ke fara zamewa ƙarfen ya yi laushi, a zafi mai tsanani ma haka.