Sanyaya jiki bayan tsayawar zuciya: shin ƙanƙara za ta maye gurbin na'ura?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa a Garwa, Kamaru. Na ji ana sanyaya jikin wanda zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da ita, don a kare masa ƙwaƙwalwa. Mu ba mu da na'urar. Ƙanƙara da ƙarin ruwa mai sanyi za su wadatar?

Amsa: Sannu da aiki, Malama. Wannan magani na wanda zuciyarsa ta dawo bugawa ne amma bai farka ba. A tsarin da aka saba a baya, ana riƙe zafin jikinsa tsakanin digiri 32 da 36 na tsawon awa 24, domin ƙwaƙwalwar da ta yi sanyi ba ta cin iskar oksijin da yawa.

Na'urar iri biyu ce. Akwai bargo ko faifan roba da ake mannawa a ƙirji da cinyoyi, ruwan sanyi yana kewayawa a ciki, kamar na'urar da ake kira Arctic Sun. Akwai kuma siririn bututu da ake zurawa a babbar jijiyar matsematsi, ya sanyaya jini daga ciki. Amma ba sanyin ne ya sa suke da tsada ba. Ma'aunin zafi ne da ke cikin maƙoshi ko mafitsara, yana aika wa injin sakamako kowane lokaci, injin kuma yana ƙara sanyin ruwan ko ya rage da kansa. Ma'aunin hammata ba shi da amfani a nan, balle an ɗora ƙanƙara a wurin. Na mafitsara ma yakan ruɗi mutum idan fitsari ya yi kaɗan.

Ƙanƙara tana sanyayawa, sai dai ba ta da birki. Sau da yawa zafin yakan zarce ƙasa da 32, kuma daga 30 zuwa ƙasa bugun zuciya yakan rikice. Idan babu zane tsakaninta da fata, tana ƙona fatar. Ƙarin ruwan gishiri mai digiri 4 ta jijiya, mililita 30 ga kowane kilo na nauyin jiki, yana sauke zafi da kamar digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma tasirinsa ba ya daɗewa, kuma lita biyu a kan zuciyar da yanzu ta farfaɗo na iya tara ruwa a huhu.

Sai karkarwa. Da jiki ya ji sanyi zai fara makyarkyata, ya ƙone oksijin ɗin da ake tattali. Dole ne majinyacin ya kasance a kan injin numfashi, ana ba shi maganin barci. Sinadarin fotasiyam da ke cikin jini yana sauka lokacin sanyi ya tashi lokacin ɗumamawa, don haka ana gwada jini duk awa 4 zuwa 6. Ɗumamawar kada ta wuce rabin digiri a awa. A lokacin rani da ruwan madatsar Lagdo mai samar da wutar lantarki ke ja baya ana yawan ɗauke wuta, kuma idan injin sanyayawa ya mutu cikin dare jiki zai ɗumama da sauri, hawan jini ya faɗi. Kada a fara sai da janareta a tsaye.

Ga abin da zai kwantar miki da hankali. A 2021 binciken TTM2, a kan majinyata kusan 1,900, ya gwada sanyayawa zuwa 33 da hana zazzaɓi kawai, aka ga mutuwar kusan ɗaya ce. Don haka shawarata: ki auna zafin cikin jiki a kai a kai, kada ya haura 37.7 har awa 72. Farasitamol, cire bargo, fanka, jiƙaƙƙen zane. Wanda ya zo da ɗan sanyi a jiki, kada a yi gaggawar ɗumama shi.

Inda ƙanƙararku take da babban aiki shi ne bugun rana na Maris da Afrilu. Wanda aka kawo ya ruɗe, zafinsa ya haura 40, a cire masa kaya a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara nan take, kai a waje, a fitar da shi da zarar ma'aunin dubura ya sauko 39.